Kati Ba Ya Danne Birkin Taya

Alƙaluman HSE, hukumar kula da lafiya da kariyar ma'aikata ta Birtaniya, na shekarar 2023/24 sun ce ma'aikata 138 ne suka mutu a bakin aiki, 50 daga cikinsu faɗowa suka yi daga sama. Duk lokacin da irin wannan lissafi ya fito, amsar 'yan kwangila ɗaya ce: ai yaranmu duk suna da kati. Wannan amsa ita ke ba ni haushi.

Katin da suke nufi na PASMA ne, ƙungiyar da ke horar da masu harhaɗa hasumiyar alminiyam mai taya, wadda masu fenti da masu wayarin ke hawa. Kwas ɗin wuni guda ne, katin kuma ya yi shekara biyar. Horon kansa ba laifi. Ana koya wa mutum ya zauna cikin ƙofar dandamali ya ɗaura shingen kariya kafin ya miƙe tsaye, ya hau ta ciki ba ta waje ba, ya baje ƙafafun tokara. To amma dokar aiki a sama ta 2005 cewa ta yi mai aikin ya zama ya ƙware, ba ta ce ya riƙe kati ba. Wanda ya yi kwas bara waccan, bai sake taɓa hasumiya ba sai yau, wace ƙwarewa ta rage masa?

Leƙa wurin aiki da la'asar, lokacin da kowa ke son tashi. Mutum na can sama da bokitin fenti, abokinsa na ƙasa ya saki birki yana tura shi, don saukowa ɓata lokaci ne. Dukansu katin na aljihu. Sun san an hana. Sun san ana rage tsayi zuwa mita 4 kafin a matsar, kuma ba kowa a kai. Shugaban aiki na kallo, bakinsa alaikum, saboda shi ya ƙayyade musu lokacin.

Masu cewa a soke horon don tsada ba su cancanci amsa ba. Ni dai a daina tambayar lebura kati kaɗai. A tambayi mai kwangila takardar binciken hasumiya da doka ta ce a yi duk kwana bakwai, a ga wa ya sa hannu, a kuma tambaye shi ko ya taɓa hawa hasumiyar da ƙafarsa.