Ranar da aka auna ni a sikelin masara

Waɗanda suke kasuwa nan Garwa ranar Talatar nan ba sai na gaya muku komai ba, kun riga kun kai labarin har Marwa, ƙanwata ta bugo min waya tana dariya tun kafin ta gaishe ni. To tunda kowa yana ba da shi yadda ya ga dama gara ku ji daga bakin mai shi.

Abin ya faro ne daga ciwon kai da jiri. Mai ɗakina ta matsa sai na je asibiti, na je, aka ɗaura min abin awon tansiyo, wato hawan jini, likita ya kalli abin ya kalle ni ya sake kallon abin. Ya ce in hau sikeli. Kilo 118. Tsayi mita 1 da 72. Ya juya bayan karne na, wato katin asibiti, ya yi wani lissafi, wai ana raba nauyin mutum da tsayinsa sau tsayinsa, in ya kai 25 jiki ya fara yawa, in ya kai 30 sunansa ƙiba, ni nawa saura ƙiris ya cika 40. Na ce likita ai gado ne, mu gidanmu ƙashi ne da mu mai nauyi. Ya ce Alhaji ban taɓa ganin ƙashin da ya zubo ta saman wando ba. Na haɗiye wannan.

Kuma tsakani da Allah mutumin bai ɗora min wani abin wahala ba. Ya ce kar in daina cin abinci. In sami takarda in rubuta duk abin da ya shiga bakina na kwana uku, in fara da rage sukari da lemon kwalba, in riƙa tafiya a ƙasa minti 30 kwana biyar a sati, kuma kar in nemi fiye da rabin kilo zuwa kilo ɗaya a sati. Ya ce ko kilo 6 zuwa 12 na sauke, wato kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na jikina, tansiyon zai ji a jikinsa. Sai ya ce awo sau ɗaya a sati, da safe kafin a karya, a kan sikeli guda ba a canzawa. Wannan ta ƙarshen ita ce na bari a kan kujerar asibiti.

Ina fitowa na buga lissafi irin namu na kasuwa. Rabin kilo a sati, kilo 30 ya fi shekara ke nan. Na ce haba, wane irin jari ne wannan riba sai baɗi. Ai mu mun saba da azumi. Na sayi wani shayin rage tumbi a hannun wani mai talla, na daina cin komai da rana, sai shayin nan da ruwa da sintiri tsakanin shago da bayan gida, har maƙwabcina ya fara tambaya ko lafiya nake yawan alwala. Da dare kuwa abin da yake faruwa tsakanina da tukunya bayan kowa ya kwanta, wannan a bar shi a duhu. Kwana shida ina haka. Ni dai a raina ina jin na yi sakayau, har wani tafiya nake ina kaɗa hannu.

Ranar ta bakwai ita ce Talatar. Bayan azahar ne, kuma ba zan ɓoye ba yunwa ta ci ƙarfina ranar na aika an sayo min shinkafa da kifin Lagdo faranti guda da ɗan ƙari, na kora da folere, wato zoɓo, mai sanyi. Muna zaune a majalisa ƙofar shago sai ga yaron nan mai yawo da sikeli a hammata, sefa 50 a auna ka. Da ma na yi shiru. Amma a'a, sai da na miƙe na ce wa jama'a ku zo ku ga aikin sati guda. Ni da bakina na tara su. Wannan shi ne abin da yake hana ni barci har yanzu, ba wanda ya kira ni, ni na kira su.

Yaron ya ajiye sikelin ya kalle ni tun daga sama har ƙasa, ya ce Baba a hankali dai. Na cire takalmi, na cire hula, har agogo na cire na ba wa yaron shago ya riƙe. Na ɗora ƙafar dama, allurar ta zabura. Na ɗora ta hagu, ta zagaye ta wuce inda lambobi suka ƙare ta tsaya tana karkarwa, sai muka ji ƙas. Ƙaramar ƙara ce wlh, kamar an taka gyaɗa, amma kasuwar nan duk hayaniyarta sai da na ji kamar kowa ya ji. Na sauka, allurar ba ta sauka ba. Yaron ya ɗaga sikelin ya girgiza, wani abu yana ta ƙwal-ƙwal a ciki, ya kifa shi ya buga bayansa, shiru. Sai ya ɓare baki, wayyo sikelin yayana ne, yau ya kashe ni. Kafin ka ce me masu tura kaya sun tsaya, mai lemu ta bar tirenta, wasu 'yan klando, masu haya da mashin, su biyu sun kashe mashin don su kalla da kyau.

Ni kuma maimakon in biya yaro in shige shago sai na tsaya gardama, ina cewa sikelin da ma ruɓaɓɓe ne, ni na rame, kowa ya ga na rame. A nan ne Dogo mai gyaran agogo, wanda tun ɗazu bai ce uffan ba yana ɓare gyaɗa, ya ɗago kai a hankali kamar mai ba da fatawa ya ce ai gardama ba ta da amfani, ga baskil, babban sikelin masu masara, nan layi na biyu, shi ba ya ƙarya kuma ba ya karyewa.

Aka ɗunguma. Ni a gaba ba takalmi, don yaron shago ya riga ya shige da su, ƙasa ta yi zafi ina ɗan ɗage ƙafa, bayana mutum ya kai ashirin har da yaron yana kuka yana rungume da gawar sikelinsa. Mai masara ya ga taro ya ɗauka ciniki ne ya taso da fara'a. Da aka yi masa bayani sai ya sa aka sauke buhun da ke kai, ya kakkaɓe wurin da hularsa, ya ce bismillah Alhaji, kamar wanda zai ba ni kujera. Na hau. Ya fara tura ƙarfen nan a hankali yana leƙawa, ya tura, ya dawo da shi, ya sake turawa, kuma duk wanda ya san mutumin nan ya san ba ya iya magana a hankali, shekara ashirin yana kiran nauyin buhu ga mai rubutu a can ƙarshen rumfa. Ya buɗe murya ya ce ɗari da ashirin da ɗaya! Kuma mai rubutun, Allah ya isa, ya rubuta. Na gan shi da idona ya rubuta.

Kilo 121. Na ƙaru da uku. Wani ɗan dako ya ce buhu ɗaya da tiya bakwai ke nan, wani ya ce a cire na buhu, mai masara ya ce wannan ba a cire masa komai rigar ma ba ta kai kilo ba. Wani yaro daga baya ya ce ngabbu, kuma duk wanda ya zauna Garwa ya san dorinar Binuwai ake nufi. Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige, ko da yake Dogo zai ce ba zan shiga ba.

Bari in tsaya kan Dogon nan tukuna don abin yana cina. Mutumin nan tare muka taso, tare aka yi mana kaciya. Yana cin abin da mutum uku za su ci, na sha ganinsa ya tashi da makala, wato fanke, guda goma ya bi da kunun gyaɗa kofi biyu ya ce bari ya je gida ya karya, amma kullum yana nan kamar tsinken soya, in ya juya gefe sai ka neme shi. Bai taɓa tafiyar da ta wuce daga teburinsa zuwa masallaci ba. Kuma shi ne kullum mai shawara. Shi ya ce min in sha ruwan zafi da lemun tsami kitse zai narke, kamar kitsen nawa a kasko yake. Shi ne kuma a bikin ɗan Kawu, da aka ce a matsa a yi hoto, ya ce a yi nawa daban a haɗa daga baya. Ina bin sa jaka 7 tun kafin a buga Kofin Afirka a filin Rumde Ajiya a 2022, har yau in na taɓa maganar sai ya ce ai kuɗi ba ya raba zumunci. Agogon da na ba shi gyara tun kafin azumi kullum ƙarfe huɗu da minti goma yake nunawa. Amma ranar nan shi ne har da zama a kan buhun mutane yana share hawaye, yana cewa a sake aunawa ƙila iska ce.

Sai bayan kwana biyu na iya komawa wurin likita, na kwashe duka na gaya masa ban da maganar ngabbu. Ya yi ƙoƙari bai yi dariya ba, sai da ya juya yana neman biro da ke hannunsa. Ya ce na farko sikeli biyu ba sa faɗin magana ɗaya, na biyu mutum bayan ya ci ya sha da rana yakan fi na safe da kilo ɗaya ko biyu, na uku wannan shayin ba kitse yake fitarwa ba, ruwan jiki ne da abin da ke cikin hanji, ka sha ruwa ya dawo. Yunwar rana kuma ita take kai mutum tukunya da dare. Ya ce ina takardar da na ce ka rubuta. Na ce tana nan zuwa.

Na dai rubuta daga baya, kuma a nan ne ido ya raina fata. Ni da nake rantsuwa ba na cin komai. Shayin safe ƙwayar sukari huɗu, na hantsi a majalisa huɗu, na la'asar huɗu, na bayan isha'i uku, ga kunu, ga folere, ga lemon kwalba wanda shi kaɗai ƙaramar kwalba tana ɗauke da kamar ƙwaya bakwai. Kowace ƙwaya wajen giram 5. Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi babba kar ya wuce kamar giram 50 a rana, in ma da hali 25, wato ƙwaya goma ko biyar. Ni na ƙirga na wuce ashirin da biyar ban ma sa na makala ba. Ga mai, cokali ɗaya na miya kalori wajen 120, kuma mai ɗakina in tana zuba mai a miya ba cokali take nema ba, bidon take karkatawa. Da na yi mata maganar ta ce Alhaji shekara goma sha biyar kana cewa miyata ba ta da maiƙo yanzu kuma ni ce mai laifi. Na ja bakina.

Tafiyar ma na fara. Ranar farko na yi kuskure na fita ƙarfe tara, a watan Afrilu, a Garwa, wanda ya san zafin garin nan da yake haura digiri 40 ya san ba hankali a ciki. Na kai wajen filin ƙwallo numfashi ya ƙare, na tsayar da klando ya mai da ni gida. Ya kalle ni ya kalli tayar bayansa ya ce kuɗin mutum biyu. Na ce kai ɗan nan ka ji tsoron Allah. Ya ce Baba ni ina kasuwa ranar Talata.

Yanzu bayan asuba nake fita, minti 30, in dawo kafin rana ta buɗe ido. Shayi ƙwaya ɗaya, ɗanɗanonsa kamar an wanke tukunya amma an fara sabawa, lemon kwalba sai Juma'a. Na sayi sikelina na ajiye ƙarƙashin gado, mai ɗaukar har 150, sai na kulle ƙofa nake hawa. Sati biyar ke nan ya ce 115, ban gaya wa kowa a majalisa ba don na san wanda zai ce a je a tabbatar a layi na biyu.

Yaron nan kuwa jaka 5 na biya, yayansa ya zo ya ce sikelin daga Yawunde aka kawo shi sai an ƙara biyu. Mun tsaya a shida. Jiya na gan shi da sabo a hammata, yana hango ni ya tsallaka titi.