Yawan eriya ba shi ne saurin intanet ba

Da yawa daga cikin mutanenmu na Agege da Idi-Araba, in Wi-Fi ya yi nauyi, sai su nufi Computer Village a Ikeja su sayo rauta (na'urar da ke watsa Wi-Fi) mai eriya shida, a zatonsu sauri zai ninka. Ba haka abin yake ba. In layin da kake biya megabit 20 ne, ko rautar Wi-Fi 6 (ɗaya daga cikin sababbin tsare-tsaren Wi-Fi) ka sa, 20 ɗin za ka samu. Wayar da ba ta ɗaukar Wi-Fi 6 kuma a tsohon tsari za ta haɗu da ita.

Abin da ke cinye sigina a gidajen Legas bulo ne da kankaren bene mai rodi. Cikin zango biyu da rauta kan watsa sigina a kansu, 5GHz da 2.4GHz, zangon 5GHz ya fi gudu, amma bango biyu sun isa su raunana shi. 2.4GHz ya fi ratsa bango, sai dai a gidan haya mai maƙwabta da yawa cunkushe yake, don haka a cikin saitin rauta a ajiye shi a tasha 1, 6 ko 11. Ripita (na'urar da ke karɓar sigina ta sake watsa shi don ya ƙara nisa) mai rediyo ɗaya kuwa kusan rabin saurin take zubarwa. Gara ka ja kebul Cat5e, wanda ke kaiwa mita 100, zuwa rauta ta biyu a bene, ka kuma tabbatar ramukan da ake sa mata kebul na gigabit ne (megabit 1,000), ba na megabit 100 ba.