Kafin Ku Fita Bishara, Wa Ya Buɗe Littafi A Gidanku?

'Yan'uwa ma'aurata, musamman ku da yaranku ba su gama firamare ba, ku duba sanarwar ikilisiyarku ta wannan mako ku ƙirga. Zumuntar Mata, koyon waƙa, addu'ar Laraba, nazarin Littafi Mai Tsarki, kwanan addu'a, fita da 'yan Sabon Rai masu bishara, ga sujadar Lahadi har rana ta take, sannan kwamiti ya zauna. Ko a ECWA kuke, ko COCIN, EYN ko HEKAN, nauyin kusan ɗaya ne. Maigida yana cikin ƙungiya uku, uwargida tana cikin uku, ranakun kuma ba su haɗu ba. Sai mako ya ƙare ba a zauna tare an yi addu'a ko sau ɗaya ba. A coci ana yabon himmarku, a gida talabijin ke renon yara.

Ku lura da yadda Markus 3:14 ya jera abin. Yesu ya keɓe almajirai sha biyu don su kasance tare da shi, sannan ya aike su wa'azi. Da suka dawo daga aiken, jama'a suka hana su ko cin abinci, shi da kansa ya ce su keɓe su huta (Markus 6:31). Firist Eli bai rasa hidima a Shilo ba, 'ya'yansa Hofni da Finehas ya rasa. Shi ya sa Bulus ya tambayi Timoti yadda wanda ya kasa riƙe gidansa zai kula da ikilisiyar Allah.

To, a fara da gida. Miji da mata ku ware yamma uku a mako da ba wanda zai fita taro, kowa kuma ya tsaya a ƙungiya biyu. Ku je ku gaya wa fasto da bakinku, kada ku riƙa ɓacewa kawai, don shiru ne ke jawo zargi. Fasto mai hankali ba zai ƙi ba.

Sujadar iyali minti 15 ta isa. Waƙa ɗaya daga Littafin Waƙoƙi, karatun aya 10 zuwa 15, tambaya ɗaya da yaro zai iya amsawa, sai addu'a gajera daga mutum biyu ko uku. Ku sa ta kafin tuwon dare ko da sassafe kafin shirin makaranta, domin bayan tuwo barci ya riga ya ci rabin jama'ar. Kada ku fara daga Farawa da niyyar kaiwa Wahayi; yawancin masu wannan niyya a Littafin Firistoci suke tsayawa. Ku ɗauki Markus. Babi 16 ne, in kuna karanta rabin babi kullum, wata ɗaya da 'yan kwanaki kun gama. Karin Magana babi 31 ne, ya yi daidai da wata. A karanta da harshen da kaka da ƙaramin yaro suke ji. Tun 1932 akwai cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, babu dalilin da zai sa tsohuwa ta zauna tana gyangyaɗi ana zuba mata Turanci.

Abin da ya fi kashe sujadar iyali ba ƙarancin lokaci ba ne, maigida ne. Ko dai ya mai da ita wa'azin minti 40, ko ya mai da ita kotu, inda ake karanta aya a ɗora ta kan wanda ya fasa kofi ko ya faɗi jarrabawa. Yaron da aka saba yi wa faɗa da aya, ran da ya girma zai guji ayar tare da faɗan. A yi horo a wani lokaci dabam. Wani kuskuren shi ne a ce sai Baba ya dawo daga tafiya. Mama ta bi da sujada, babban yaro ya yi karatu. In kuma akwai saɓani tsakanin miji da mata, a shirya kafin a zauna, gama 1 Bitrus 3:7 ya nuna yadda mutum ke zama da matarsa na iya tare addu'arsa. Yara ma suna gane addu'ar da ake yi da habaici. Wayoyi a bar su a ɗaki, har da na iyaye, a karanta daga littafi na takarda.

Akwai kuma gidan da ya karkata ɗaya gefen: addu'a safe da yamma, amma maƙwabci bai san sunan yaransu ba. Ba a rasa dalili ba. Tun rikicin Kaduna na 2000 da na Jos na 2001 unguwanni da dama suka rabu, tsoro ya shiga tsakani. Duk da haka dubi ma'auratan nan na Sabon Alkawari, Akila da Biriskila, masu ɗinkin tanti ne, ba limamai ba. Ikilisiya tana taruwa a gidansu, kuma keɓe mai wa'azi Afolos suka yi suka ƙara masa bayani, ba su kunyata shi a bainar jama'a ba.

Shaidar iyali a unguwa tana farawa da gaisuwa, da zuwa suna da ta'aziyya, da barka da sallah, da biyan bashi ran da aka yi alkawari, da cika mudu. In za ku raba abincin Kirsimeti, ku sayi nama wurin mahauci Musulmi ko ku ba maƙwabci ya yanka, don kwanon ya ciyu. Mata su ziyarci mata. Namiji ya tsaya a zaure inda aka rubuta ba shiga. Wanda ya ga wannan shekara da shekaru shi zai tambaye ku dalili, kuma 1 Bitrus 3:15 ya ce ku kasance a shirye da amsa, cikin tawali'u da ladabi. Kowa a gidan ya iya faɗin dalilin bangaskiyarsa cikin minti uku, ba tare da ya taɓa addinin wani ba. Ku koya wa yara wannan tun kafin a tare su da tambaya a makaranta.

Sashe na 38 na tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ba kowa 'yancin yaɗa addininsa, amma bai halatta zagi ba, kuma ɓatanci ga abin da maƙwabci yake girmamawa ya sha jawo asarar rayuka. Ku bar gardamar Facebook, ku rage lasifika da tsakar dare. Kada ku koyar da ɗan wani a ɓoye ba da sanin iyayensa ba, kada kuma ku ɗaura sharaɗi a kan kuɗin magani ko na makaranta da kuka taimaka da shi. In wani babba ya zo da kansa yana neman ƙarin bayani, ku saurare shi, ku amsa abin da ya tambaya, ku haɗa shi da fasto in ya yarda. Sunansa kada ya shiga shaidar Lahadi, hotonsa kada ya shiga WhatsApp na ƙungiya, domin shi zai koma ya kwana cikin danginsa.