Katin banki da ke mutuwa da zarar jirgi ya tashi

Wai don Allah mene ne amfanin tambarin Visa ko Mastercard da bankunanmu suke maƙalawa a jikin kati, in dai da ka sauka a Jidda ko Alƙahira zai koma robar banza? A gida ba sa wasa da haƙƙinsu: kuɗin kati, kuɗin kula da kati, kuɗin saƙon waya, duk suna zaftarewa a kan kari, ba su taɓa mantawa ba. Amma ranar da kake tsaye a gaban mai otal a ƙasar mutane, da jaka a hannu da iyali a bayanka, sai na'ura ta ce ba ta san zancen ba.

Kuma ba yau aka fara ba. Da, katin naira yana biya maka abin da ka saya a waje, banki ya lissafa canji ya cire. Da dala ta yi wuya sai aka riƙa datse abin da mutum zai iya kashewa a wata, aka sauko dala 100, a 2022 aka kai dala 20. Dala ashirin a wata! Ko kuɗin tasi daga filin jirgin Jidda zuwa Makka ba za ta biya ba. Daga baya ma yawancin bankuna suka rufe ƙofar gaba ɗaya, sai a watan Yulin 2025 wasu suka sanar cewa sun buɗe, kowa da iyakar da ya yanka. Muka ce Alhamdu lillahi, ashe da sauran rina a kaba.

Da na je Umara, kafin in tashi sai da na taka har reshen bankina na gaya musu ƙasar da zan je. Yarinyar da ke kan tebur ta yi danne-danne a kwamfuta ta ce, "Alhaji, ka tafi abinka, an buɗe maka." A Makka na zauna zan yanki tikitin jirgin ƙasan Haramaini zuwa Madina ta waya, sai aka ce in saka lambar da banki ya turo. Ina aka turo ta? Layina na Najeriya, wanda tun da na sauka ko ɗigon sabis bai gani ba. Na sake gwadawa, na kuma sakewa, sai ga saƙon imel: an toshe katina saboda an ga hada-hadar da ba a yarda da ita ba a wata ƙasa. Ƙasar da na je da ƙafata na faɗa musu!

Na kira lambar kula da abokan hulɗa da layin Saudiyya, kiɗa yana tashi a kunnena, riyal ɗina yana ƙonewa. Da wani ya ga dama ya ɗauka, abin da ya ce shi ne, "Yi haƙuri ranka ya daɗe, sai dai ka zo reshe mafi kusa da kai da katin shaida." Na ce masa ina kallon hasumiyar agogo ta Makka, wane reshe ne ya fi kusa da ni? Ya sake ba ni haƙuri. Haƙuri ba ya biyan otal, malam.

Wanda ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne na wani dattijo da muke masauki ɗaya. Ya saka kati a na'urar cire kuɗi, ta yi gurnani, ba ta ba shi ko riyal ɗaya ba, amma asusunsa ya nuna an cire. Aka ce ya cike takarda, ya jira makonni kafin a binciko. Bawan Allah kuɗin abincinsa ke nan. Karo-karo muka riƙa yi masa.

Ko ranar da katin ya yi aiki, kada ka yi saurin murna. Riyal a ɗaure yake da dala tun 1986, riyal 3.75 a dala ɗaya, babu wani ɓoyayyen lissafi. Amma kafin kuɗin ya bi ta dala ya zo naira, banki ya ɗora nasa farashin canji, mai na'ura ya cire ladansa, sai ka ga abin da ya fita ya zarce lissafinka, kuma babu mai yi maka bayani dalla-dalla. Wasu na'urorin ma sukan tambaye ka ko a lissafa maka da dala maimakon kuɗin ƙasar. Ka danna "e", ka ba su damar yanka maka farashin da suke so. Otal kuma ya riƙe wani kaso a matsayin ajiya, ka bar ƙasar, ka dawo gida, kuɗinka na maƙale.

A haka ne fa Babban Bankin Najeriya ya ce a watan Fabrairun 2024 a daina ba matafiya kuɗin guzuri a hannu, sai ta kati ko wata hanyar lantarki. Da Hajjin 2025 ya gabato sai da aka yi ta kai gwauro a kai mari kafin a yarda a ba alhazai guzurinsu tsaba. Waɗanda suka dage sun san abin da suke gudu: tsohuwa daga ƙauye, ba ta karatun boko, a miƙa mata kati a ce ta je ta nemi na'ura a cunkoson Mina.

Ni dai tafiya ta gaba, in Allah ya kai mu, Wapa zan fara zuwa wajen 'yan canji in ƙulle dalata a lalita. Bankin kuma su ci gaba da turo mini saƙon cewa katina yana aiki a ko'ina a duniya, suna cire kuɗin saƙon.