Ƙwayar Gishiri da Abin da Ƙirji Ya Ɓoye

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu, 'yan'uwa Musulmi maza da mata.

A makon jiya bayan sallar la'asar, jikata da ke kwaleji a nan Tawa ta same ni a zaure da wani baƙin faranti da ɗan madubi mai ƙara girman abu, wanda malaminsu ya ara musu. Ta ce kwana shida ke nan da ta dama gishiri a ruwa har ya daina narkewa, ta tsiyaye ruwan a farantin, ta ajiye shi a ɗaki inda ƙura ba ta kai, har ya ƙafe da kansa. "Kaka, sa tabarau ka duba," in ji ta. Da na duƙa, sai ga waɗansu ƙananan akwatuna farare a zube, kowane da fuska shida da kusurwa takwas, gefensu a miƙe kamar magini ya ja musu igiya, waɗansu kuma tsakiyarsu ta lotsa hawa-hawa kamar matakala. Na haura shekara sittin ina cin gishiri safe da dare, amma ban taɓa ganin siffarsa ba sai ran nan. Abin da ya faɗo mini a rai shi ne aya ta 105 ta Suratu Yusuf, inda Allah Maɗaukaki yake cewa akwai ayoyi da yawa a sammai da ƙasa waɗanda mutane suke wucewa ta kansu alhali sun kau da kai daga gare su.

Duk mutumin Adar ya san kantun gishiri da ayarin raƙuma ke ɗaukowa daga Bilma da Fachi, su ratsa Tenere da shi har ya iso kasuwanninmu. Siffar kantu aikin hannun ɗan Adam ce: ana cusa jiƙaƙƙen gishiri a cikin kututturen dabino da aka rarake, a kife shi a rana ya bushe. In kantu ya faɗi ya fashe, siffar ta tafi, domin daga waje aka ɗora masa ita. Ƙwayar gishirin kanta kuwa ba haka take ba. Ka sa bakin wuƙa a kan babbar ƙwaya ka ƙwanƙwasa, za ta tsage ne a miƙe, gutsattsarin su fito da fuskoki masu santsi da kusurwa mai digiri 90 irin ta uwarsu. Ka ƙara tsagawa, haka za ka sake gani, har idonka ya gaza.

Dalilin haka yana can ciki, inda ido ba ya kai. Gishiri haɗin ƙwayoyin zarra iri biyu ne, sodiyam da kulorin, waɗanda suka jeru ɗaya bayan ɗaya, sahu a kan sahu, ta yadda kowace ɗaya tana da maƙwabta shida daga ɗaya jinsin: sama da ƙasa, dama da hagu, gaba da baya. A gefen ƙwayar da tsawonta bai wuce milimita ɗaya ba, zarra kimanin miliyan uku da rabi ne suke tsaye a layi guda. Mutane sun daɗe suna zaton akwai irin wannan jeri kafin su iya tabbatar da shi. A 1669 wani masani ɗan ƙasar Danmak, Nicolas Steno, ya lura cewa farin dutsen nan mai sheƙi da ake kira kwatz, wanda shi ne mafi yawan abin da ke cikin rairayi, ko babba ne ko ƙarami, ko daga wane dutse aka ɓalle shi, kusurwar da ke tsakanin fuskokinsa ba ta canzawa. Sai a 1912 aka gano a Jamus cewa hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti yana iya tona jerin zarra, a 1913 kuma wani uba da ɗansa a Ingila, William da Lawrence Bragg, suka fito da tsarin gishiri dalla-dalla. Gishirin kuwa yana kan wannan tsari tun kafin a halicci mai auna shi. "Lalle Mu, kowane abu Mun halitta shi da gwargwado," kamar yadda ya zo a Suratul Ƙamar, aya ta 49.

Wanda ya taɓa buɗe amya ya ga irin wannan gwargwado a saƙar zuma, inda kowane ɗaki yake da gefe shida. Siffofi uku ne kaɗai masu daidaitattun gefuna da kusurwoyi suke iya rufe fili ba tare da barin giɓi ba, mai gefe uku da mai huɗu da mai shida, kuma mai shidan ce ta fi tanadin kaki. Wani masanin lissafi, Pappus na Iskandariyya, ya yi magana a kan haka tun ƙarni na 4 na Miladiyya, amma cikakkiyar hujjar lissafi ba ta samu ba sai a 1999, a hannun wani masanin lissafi, Thomas Hales. A nan ina jan hankalin masu yaɗa rubutu a Facebook da WhatsApp: abin da Suratun Nahl ta faɗa a aya ta 68 shi ne Ubangiji Ya yi wahayi ga ƙudan zuma ya riƙi gidaje a duwatsu da itatuwa da abin da mutane ke ginawa. Ayar ba ta ambaci gefe shida ba, kuma bai halatta mu cusa wa Littafin Allah abin da bai faɗa ba don mu burge mai karatu. Mu karanta ayar yadda take, mu kalli saƙar yadda take, kowace ta isa hujja.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne daimon da baƙin da ke cikin fensir. Dukkansu kabon ne, asalin da gawayi ya fito. A cikin daimon kowace zarra ta riƙe maƙwabta huɗu da ke kewaye da ita, shi ya sa babu dutsen da ya kai shi tauri. A cikin fensir kuwa zarra sun shimfiɗu falle-falle, riƙon da ke tsakanin falle da falle mai rauni ne, shi ya sa yaro ɗan aji ɗaya yake goge shi a takarda. Asali ɗaya ne, bambancin jerin ciki ne ya raba su.

Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce a cikin jiki akwai wata tsoka, in ta gyaru jiki duka ya gyaru, in ta ɓaci jiki duka ya ɓaci, ita ce zuciya. Bukhari da Muslim suka ruwaito shi daga Nu'umanu ɗan Bashir. Ina tsoron cewa addinin da yawanmu, ni da ku, siffar kantu ce. Idon mutane ne ya rarake mana mazubi muka shiga ciki muka bushe: sahun gaba ranar Juma'a, carbi a hannu, "in sha Allahu" a baki. Sai a ƙwanƙwasa mu. Gero ya yi tsada lokacin bazara, sai ka ga mai sahun gaba yana da tiya biyu, babba ta saye da ƙarama ta sayarwa, alhali ya haddace farkon Suratul Muɗaffifina tun yana makarantar allo. Rabon gado ya taso, sai ka ga gonar marayu ta tsuke da taki goma. Mace ta yi lulluɓi har ƙasa, amma 'yar riƙon da ke gidanta ba ta san ƙoshi ba. Mutum ya ranci jika ashirin da hawaye, ranar biya ya kashe waya. Wanda tsoron Allah ya jeru a cikinsa tun daga zuciya, ka ɗauki kowane gutsure na rayuwarsa, cinikinsa ko zamansa da iyalinsa ko abin da yake kallo a waya da tsakar dare, kusurwar da ka gani a masallaci ita za ka tarar. Ba ina nufin ba ya kuskure ba. Ko ƙwayar gishiri ba ta rasa tabo. Amma ko ya karkace, an san layin da zai koma.

Jikar tawa ta nuna mini wani abu kafin ta ɗauke farantin. A bakin-bakinsa, inda ruwan ya yi saurin bushewa, gari ne kawai ya daskare, ba a gane masa siffa. Manyan ƙwayoyin masu kyau a tsakiya suke, inda ruwan ya daɗe yana ƙafewa. Haka ƙa'idar take, domin kowace zarra tana bukatar lokacin da za ta sami gurbinta, kuma ƙwayar da ke girma a hankali takan ture ƙazantar da ba jinsinta ba. Rairayi ma in aka narkar da shi aka sanyaya da gaggawa, gilashi yake zama, mai sheƙi a ido amma babu jeri a cikinsa, in ya fashe kuma sai ya tarwatse ya yanki mai tsinta. Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ta ruwaito cewa aikin da Allah Ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne. Mu kuwa mukan cika masallatai makil a goman ƙarshe na azumi, kowa na son ya sauke Alƙur'ani sau uku, sai a wayi gari bayan salla sahun asuba bai kai mutum bakwai ba, Mus'hafin kuma ya koma saman kwaba ƙura ta rufe shi har watan Sha'aban.

Na roƙi yarinyar ta sake dama wani gishirin, ta kawo farantin zaure inda almajirai ke karatun dare, ta ajiye a lungun da ba a taɓawa. Mun yi alkawari da su cewa kowace asuba za mu leƙa mu ga abin da ya ƙaru, sa'an nan kowa ya biya shafi ɗaya, ba ƙari ba ragi, mu fara da Suratul Mulk, inda Allah Yake cewa ba za ka ga wata tawaya a halittar Mai rahama ba, ka sake mai da dubanka, ko ka ga wata ɓaraka. Yau kwana huɗu ke nan, kuma da safen nan ƙaramin cikinsu ne ya fara hango ƙwaya ta farko a tsakiyar ruwan, ba ta kai ƙwayar gero ba.