Ni da Kipchoge, kowa da ma'auninsa

Likita ne ya jawo min. Ya auna jinina, ya dubi tumbina, ya ce in rage gishiri in riƙa motsa jiki. Ni kuwa ba na son ƙaramin abu. Daga asibiti ban zame ko'ina ba sai Ƙofar Wambai, na sayo kambas na gwanjo. Da daddare na zauna kallon bidiyon Eliud Kipchoge, ɗan Kenyan nan da ya cinye kilomita 42 da 'yan kai cikin awa 1 da minti 59 da daƙiƙa 40 a Vienna a 2019. Na ga ai ƙafa biyu gare shi kamar kowa. Nan take na shaida wa uwargida cewa bana da ni za a yi gudun yada-ƙanin-wani na Legas.

"Allah ya ba da sa'a, Maigida," in ji ta. "Amma ka fara iya hawa benen nan ba tare da ka zauna a tsakiya ba."

Washegari ana sallame sallar asuba na ja hular sanyi har kan gira, saboda hunturu, na faɗa lungu a guje. Ban kai kwana ta biyu ba karen wani gida ya rufa min baya. Jama'a, ashe akwai gudu a jikina! Kwalbati na tsallake ba bismilla. Ina ɓullowa bakin titi tocila ta dalle min ido.

"Kai! Tsaya nan! Me ka ɗauko?"

'Yan sintirin unguwa ne, kowa da gorarsa. Haki ya hana ni magana, sai nuna kambas nake. Da babbansu ya cire min hular, sai ya saki salati.

"Alhaji, kai ne? Lafiya? Wa ya biyo ka?"

"Motsa... jiki..."

"Haba Alhaji, da girmanka! Ai mu a nan in mun ga magidanci na gudu da duku-duku, ko dai ya yi sata ko gobara ta tashi."

Kafin azahar labari ya gama majalisa, har da ƙarin cewa tsalle ɗaya na yi na haye katanga.

Sai na koma filin wasa, inda gudu ba ya jawo bincike. Zagaye ɗaya mita 400 ne. A saurin Kipchoge daƙiƙa 68 ke nan, kuma sai ya jera sama da ɗari. Ni a rabin na farko wani dattijo cikin jallabiya, yana tafe yana jan carbi, ya wuce ni.

"Baba, gasar ina ake shiri?" na tambaye shi.

"Gasa kuma, ɗana? Ni dai gwiwar nan ta bar ni in yi sujada ba a kan kujera ba, buƙata ta biya."

Tun daga ranar na sassauta wa kaina: in gama zagaye a tsaye, sannan in wuce mai ƙosan bakin ƙofa ban kalle ta ba. Na farkon ya samu. Na biyun ma jiya na kusa, don na wuce ta da tazara mai kyau, sai na ji ta ce, "Alhaji, na riga na sa maka yaji fa!" Ɓarnar abinci kuwa ba kyau.