Wa Ke Riƙe Da Igiyar? Nasiha Ga Matasa Masu Gardamar Wasa

'Yan'uwana matasa, musamman ku da karatu ko neman abinci ya kai ku Amurka, da ku da kuke bin wasanninsu ta waya daga gida, ina so mu yi magana kan wata ɗabi'a da na ga tana kama mu sannu a hankali, wato yadda gardamar wasa take zarcewa zuwa cin mutunci da zarar an koma intanet. Misalin da zan ɗauka shi ne wasan besbol na jami'o'in Amurka, domin shi na zauna na kalla shekaru da dama, kuma a cikinsa ne na ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami.

Ga wanda bai san wasan ba, mutum ɗaya ne yake jefo ƙwallo, wani ya tare ta da sanda, a yi ta yi har zagaye tara, kuma kowane ɓangare yana barin duka ne idan an fitar masa da mutum uku. Kakar jami'o'i tana farawa a tsakiyar Fabrairu, kowace ƙungiya ta buga wasanni har 56, sannan a zaɓi 64 su fafata, takwas daga cikinsu su isa birnin Omaha na jihar Nebraska, inda ake yin gasar ƙarshe tun 1950. Wasa ne da kuskure ya fi dacewa yawa a cikinsa, domin mai dukan da yake dacewa sau uku cikin goma gwani ake ɗaukarsa. Saboda haka masu horarwa suke neman gajeriyar kalma, take ko kirari, wadda yaro zai tuna a ranar da hannunsa ya ƙi, ya daure ya fito gobe.

Taken da ya fi tsaya mini a rai shi ne na Skip Bertman, tsohon kocin jami'ar LSU ta jihar Louisiana, wanda ya ci kofin ƙasa sau biyar, a 1991 da 1993 da 1996 da 1997 da 2000. Kalmarsa ita ce a riƙe igiya. Yakan tambayi yaransa cewa idan mutum yana reto a bakin tsauni, babu abin da ya raba shi da faɗuwa sai igiya, wa zai so ya kasance riƙe da ɗaya bakin, kuma amsar da yake nema ita ce mutumin da zai yarda igiyar ta yanke masa tafin hannu bai saki ba. Bahaushe ba ya buƙatar dogon bayani a nan. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin yasar rijiya ya ga yadda mai shiga yake duban fuskar wanda zai riƙe masa igiya kafin ya zura ƙafa, kuma ya san ba a ba wa mai wasa da hankali wannan aiki.

A wasan ƙarshe na 1996, LSU tana bayan Miami da ci 8 da 7, zagaye na tara, saura mutum ɗaya a fitar a gama. Wanda layi ya zo kansa shi ne Warren Morris, yaron da ya yi jinyar karaya a hannu, wanda duk kakar bai fitar da ƙwallo bayan katanga ko sau ɗaya ba. Jifar farko ya daka, ta haye katanga, LSU ta samu ci biyu, aka tashi 9 da 8. Magoya baya sun riƙe wannan rana a matsayin shaidar cewa taken kocinsu gaskiya ne, kuma ban ga laifinsu ba.

Amma ga inda gardamar take farawa. Muddin ƙungiya tana ci, kowa yana rera take, ana buga shi a riga da hula. Ranar da aka sha kashi uku a jere, sai magoya baya su rabu biyu. Wasu su ce take ba ya jefa ƙwallo, ba ya dukanta, kuma koci yana fakewa da daɗin baki ne don kada a tambaye shi dalilin barin mai jifa a fili bayan kowa ya ga ya gaji. Wasu su ce ai ranar wuya aka yi taken dominta, kuma wanda ya yi masa ba'a a lokacin bai taɓa fahimtarsa ba. Ni a ganina kowane ɓangare yana da abin kamawa, kuma gardama ce mai kyau wadda ta cancanci a yi ta. Koci ma'aikaci ne da ake biya albashi mai tsoka, kuma maganar da ya furta a bainar jama'a bashi ce a kansa. A watan Yuni na 2024, bayan jami'ar Texas A&M ta sha kashi a hannun Tennessee a wasan ƙarshe, wani ɗan jarida ya tambayi kocinta Jim Schlossnagle ko zai bar aikin, sai ya fusata ya nuna cewa ya zo ne ba da niyyar sake neman wani aiki ba. Washegari aka sanar da cewa ya koma jami'ar Texas, babbar abokiyar hamayyarsu. Wanda ya ce wannan koci ya saɓa maganarsa bai zage shi ba, gaskiya ya faɗa, kuma ba na kiran kowa ya rufe baki a kan irin wannan. Abin da nake kira a bari shi ne matakin da ke biyo baya, inda ake barin magana a kama mutum.

Na ga wannan da idona a wata jami'a ta kudancin Amurka inda na yi karatu. Muna da zaure a WhatsApp, mu ɗaliban da muka fito daga yankinmu, inda ake sanar da lokacin buɗa-baki da wanda zai ɗauko baƙo daga filin jirgi. Biyu daga cikinmu, abokai ne da suke haya ɗaki ɗaya a shekarar farko, suka kama gardama kan taken kocin makarantarmu bayan wani mummunan mako. Ɗaya ya ce taken fanko ne, ɗaya ya ce shi da bai taɓa riƙe sanda ba ina ya san fanko. Zuwa sha ɗayan dare an bar koci gaba ɗaya, an koma kan wanda iyayensa suka biya masa kuɗin makaranta da wanda gwamnati ta ɗauka, daga nan aka taɓo garin da kowa ya fito da sana'ar mahaifinsa. Mu kusan talatin muna karantawa. Ni da na girme su duka, maimakon in kira ɗaya a waya in ce ya isa haka, sai na sa alamar dariya a ƙarƙashin wata baƙar magana saboda ta yi mini daɗin tsari. Har yau idan na tuna wannan alama sai in ji nauyi a ƙirjina, domin wanda aka yi wa maganar ya gani, kuma ya ƙidaya ni cikin waɗanda suka yi masa dariya. Ranar Juma'a na gan su a masallaci, ɗaya a wannan ƙarshen sahu, ɗaya a wancan, aka sallame kowa ya ɗauki takalminsa ya bi tasa ƙofar.

Ƙannena, ku lura da abin da waya take yi mana. A majalisar shayi, idan gardamar Arsenal da Manchester United ta yi zafi, ko wani ya taɓa Sai Masu Gida a gaban ɗan Kano Pillars, akwai fuska da ake gani, akwai babba da zai yi gyaran murya, kuma akwai kofin da za a miƙa maka ka karɓa daga hannun wanda kuke musu da shi. A Facebook ko X babu ko ɗaya daga cikin waɗannan, sai 'yan kallo masu jiran wanda zai fi iya yanka, kuma manhajar kanta tana ɗaga rubutun da ya fi jawo martani. Magana zarar bunu ce tun tana fita daga baki, balle wadda aka rubuta, aka ɗauki hotonta, aka tura wa wanda ba ya wurin.

Sannan hukuncin da ake yankewa cikin fushi sau da yawa ba ya tsayawa. Mike Bianco, wanda ya yi wasa a ƙarƙashin Bertman kuma ya yi masa mataimaki, ya shafe fiye da shekara ashirin yana horar da jami'ar Ole Miss ta jihar Mississippi ba tare da kofin ƙasa ba. A 2022 ƙungiyarsa ta hau matsayi na ɗaya a farkon kaka, sannan ta rikito har ta kai ta ci 7 ta faɗi 14 a rukuninta, kuma magoya baya da yawa suka yi ta kiran a sallame shi. Da ƙyar aka saka su cikin 64, su ne na ƙarshe da aka zaɓa. A ƙarshen Yuni suka doke Oklahoma sau biyu a jere a Omaha, suka ɗauki kofin farko a tarihin ƙungiyar. Wanda ya rubuta a watan Afrilu cewa dabarun kocin sun tsufa, ya kawo hujjarsa, zai iya cewa a Yuni ya yi kuskure, a wuce wurin. Wanda ya zagi mutumin da iyalinsa ba shi da hanyar dawowa, domin zagi ba hasashe ba ne da sakamako zai gyara.

Abin da ya fi damuna shi ne 'yan wasan kansu. A 2018 jami'ar Arkansas tana gaba da ci 3 da 2, saura mutum ɗaya ta fitar ta ɗauki kofinta na farko, sai ƙwallo ta tashi sama a gefen fili, wadda da an cafe ta an gama wasan, yara uku suka nufe ta, ta faɗi ƙasa a tsakaninsu. Oregon State ta farfaɗo ta ci wannan wasa, ta kuma ci na gaba ta tafi da kofin. Da gangan na ƙi ambaton sunayen yaran uku, domin an ambace su fiye da yadda ya kamata. Ku tuna su wane ne waɗannan: ɗalibai ne masu shekara sha tara zuwa ashirin da biyu, sa'o'in ƙannenmu, waɗanda za su koma aji da jarrabawa. Shekaru da dama dokar hukumar NCAA, mai kula da wasannin jami'o'in Amurka, ba ta ba ƙungiyar besbol damar raba tallafin karatu fiye da 11.7 ba ga yara sama da talatin, wato mafi yawansu iyayensu ne suke cika kuɗin makaranta. Yaron da ya san shi ya saki ƙwallon ba ya buƙatar baƙo daga wata nahiya ya shiga shafinsa ya tuna masa.

Akwai kuma abin da ya ƙara wa wutar mai, wanda mu ma ya shigo mana gida. Tun da Kotun Ƙolin Amurka ta buɗe wa jihohi ƙofar halatta cacar wasanni a 2018, wani kaso na masu zagin 'yan wasa ba ƙaunar ƙungiya ce take motsa su ba, kuɗinsu ne ya nutse. Shugaban NCAA Charlie Baker ya fito a 2024 yana neman jihohi su hana yin caca a kan abin da ɗalibi guda zai yi a fili, saboda irin saƙonnin da ake aika musu. Idan ka ga fushinka a kan wasa ya wuce misali, ɗan'uwa, ka tambayi kanka tsakaninka da Allah ko akwai tikiti a aljihunka.

Mu da muka tashi a gidajen da aka koya mana Suratul Hujurat mun san an hana wasu mutane su yi wa wasu izgili, an hana jifan juna da munanan laƙabi, kuma ba a keɓe filin wasa ko waya daga wannan hani ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci mai imani da Allah da ranar lahira ya faɗi alheri ko ya yi shiru. Saboda haka ka soki taken idan ka ga fanko ne, ka faɗi wasan da koci ya yi kuskure da zagayen da ya yi shi, ka bar iyayen abokin gardamarka da garinsu. Idan an tashi wasa kana jin zafi, ka ajiye wayar har gari ya waye. Idan kai ne babba a zaure, ka kira mutum a keɓe tun maganar ba ta yi nisa ba, kada ka jira kamar yadda na jira. Kuma idan ka taɓa sa rigar da aka rubuta a riƙe igiya, ko wani take mai kama da shi, ka sani ka shiga cikin masu riƙon, kuma yaron da ya yi kuskure jiya shi ne yake reto a ɗaya bakin.

Bayan sati biyu na je wurin wanda na yi wa dariya na ba shi haƙuri, ya ce ya wuce, amma bai ƙara rubuta komai a zauren ba har muka gama. Kocin da suka yi faɗa a kansa ya bar makarantar tuntuni, wanda ya gaje shi ya zo da nasa taken, an buga sababbin riguna. Abokan nan biyu kuwa, bara da ɗaya ya yi aure, na tambaye shi ko ya gayyaci ɗayan, ya ce mini ba shi da lambarsa.